Ranar da Kifin Baba Zarami Ya Rame

A Gashuwa, shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, in ka bar bakin kasuwa ka nufi kogi za ka ga wani shago mai ƙofar kwano, an rubuta masa da shuɗin fenti: Injiniya Mudi, Masanin Kwamfuta. Mudi ne ya rubuta da hannunsa, kuma shi ya naɗa kansa injiniyan. Abin da gari ya sani dai shi ne ya je Nguru ya yi 'yan watanni yana koyon buga takardu a shagon wani abokinsa, ya dawo da tsohuwar kwamfuta da firinta da sikana da baki. A cikin kayan nan, bakin ne kaɗai bai taɓa zuwa gyara ba.

Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Katin biki, kalanda, gyaran hoto, duk yana yi daidai gwargwado. Ciwonsa ɗaya ne: in ya san rubu'in abu, sai ya yi shelar ya gama da shi tun bara. Kuma a lokacin yana da abin da ya kamata ya sa shi kama bakinsa, domin yana neman Zinariya, malamar firamare, 'yar Baba Zarami masunci. An kai kayan na-gani-ina-so, an karɓa, sa rana kawai ya rage.

Wata ranar kasuwa ya shiga mota zuwa Nguru sayen tawadar firinta. Ya biya ta shagon abokin nasa Suhaib, jikan fataken Kano ne da suka zauna kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya same shi yana aiki, ya ga ya goge rabin shafi da gangan, ya danna wani wuri, rubutun ya dawo cas kamar ba a taɓa shi ba.

Mudi ya jawo kujera. "Wannan kuma wane tsafi ne?"

"Ba tsafi ba ne. Manhaja ce mai riƙe tarihin fayil. Duk inda ka kai a aiki ka ga ya yi maka, sai ka danna ajiya, ta riƙe kamanninsa na lokacin. In ka ɓata daga baya, sai ka danna mayarwa, ya koma yadda ka ajiye. Amma ka saurara, abin da ka ajiye ne kawai take..."

"Na gane. Tun kafin ka buɗe baki na gane. Zuba min a faifai."

"Ka fara gwadawa a kan fayil ɗin banza tukuna."

"Ni shagona babu fayil ɗin banza," in ji Mudi, ya zura faifan a aljihu.

Kafin motar ta iso Gashuwa ya riga ya gaya wa fasinjoji cewa shi da wani yaronsa a Nguru suka ƙirƙiro abin, har ya raɗa masa suna Koma-Jiya. Wata tsohuwa a kujerar baya ta tambaye shi ko zai iya dawo mata da haƙoranta. Ya ce ta ba shi lokaci, ana kan aikin.

Wanda ya fara shan gwajin shi ne Taufiq tela, maƙwabcinsa na jikin bango. Babbar Salla ta ƙarato, Taufiq yana so a haɗa masa kalandar ɗinki wadda zai raba wa kwastomomi. Da sassafe Mudi ya sa manhajar, ya buɗe sabon shafi fari, ya danna ajiya don ya ji daɗin hannunsa, sannan suka duƙufa. Tun hantsi suke jera hotunan riguna da kaftani da aikin wuya, Taufiq yana cewa a matsar da wannan, a ƙara wa wancan haske, har aka yi kiran azahar. Aiki ya yi kyau, Taufiq har ya aika a sayo musu fura.

Mudi ya miƙe ƙafa. "Taufiq, ka taɓa ganin an kashe abu an tashe shi?"

"Ban taɓa ba, kuma ba na sha'awa."

"Yau za ka gani kyauta."

Kafin Taufiq ya ajiye ludayi, Mudi ya share komai, riguna da kaftani da lambar waya. Ya hura yatsa, ya ce bismilla, ya danna mayarwa. Shafi ya fito fari fat. Ya sake dannawa. Fari fat.

Taufiq ya leƙa allon, ya leƙa bayan kwamfutar. "Ina rigunana?"

"Ka ga aiki ko? Ya koma asalinsa."

"Wane asalin?"

"Da safe ba haka yake ba? To ga shi nan, ko ɗigo bai bari ba. Abin nan ba ya ha'inci."

"Ni da safe na ce maka ina so? To madalla. Yadinka na Salla yana wurina, na riga na ɗinka. Bari in je in warware, in kawo maka zare a leda, in ce ya koma asalinsa."

Da ƙyar wani mai shayi na kusa da su ya shiga tsakani. Mudi ya yi alkawarin sake aikin, Taufiq ya ɗauke kwanon furarsa ya fice da shi.

Mai hankali da ya koma Nguru ya ce a ƙarasa masa bayani. Mudi kuwa ya zauna ya yi nazari shi kaɗai, ya yanke cewa laifin na ƙarancin ajiya ne. Daga ranar ya zama ko waƙafi ya sa sai ya danna ajiya. Ya matsar da hoto, ajiya. Ya yi atishawa hannunsa ya motsa, ajiya. Abin ya bi jikinsa har yatsan yana dannawa ba tare da ya sani ba.

Ana cikin haka ƙungiyar masunta ta ba shi aikin kalandar shekara. Tsarin da dattawa suka yi shi ne kowa ya kawo hotonsa, wanda kifinsa ya fi girma shi za a sa a sama, a tsakiya. Nan Baba Zarami ya shigo maganar.

Baba Zarami mutum ne mai haƙuri, ka taka shi ya ce sannu. Abu ɗaya ne ba a yi masa wasa da shi: giwan ruwan da ya ce ya kama shekarun baya, zamanin da kogi yake kogi, wanda sai da mutum uku suka ɗauka. Waɗanda suka taya shi ɗauka duk sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rage kuwa shi ne Jumare, Bafulatani dillalin banda, abokin wasansa, wanda ya mai da ƙaryata kifin nan sana'a ta biyu. Ko a jana'iza suka haɗu sai Jumare ya raɗa masa, "Yau kifin ya kai kamu nawa?" Kuma Babarbare irin Baba Zarami ba shi da ikon yin fushi da Bafulatani, sai dai ya haɗiye.

Wata rana bayan azahar, lokacin da kowa ya nemi inuwa, Baba Zarami ya shigo shagon yana waige-waige. Mudi ya sauko daga kujera ya tsuguna, ya gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Baba. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Tashi, ja ƙofar nan."

Ya cire hula, ya zaro wani tsohon hoto daga cikinta. Ga shi nan da ƙuruciyarsa a gindin bishiya bakin kogi, ga kifi rataye a reshe kusa da shi. Kifin dai, in za a faɗi gaskiya, bai wuce abin da gida ɗaya za su ci da tuwon dare ba.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Baba Zarami. "Ranar da na kama na gaskiyan babu mai hoto. Da mai hoto ya zo, wannan na samu. Ni ban yi ƙarya ba, hoton ne ya makara. An ce kana gyara hoto."

"Baba, ai wannan a wurina kamar shan ruwa ne."

Ya sa hoton a sikana, ya danna ajiya. Ya yanko kifin ya ja shi ya kai gwiwar Baba, ya danna ajiya. Baba ya matso da fuska ya ce a ƙara kaɗan. Ya kai ƙugu, ajiya. Baba ya ce to ya fara kama da shi, zai je ya tuna sosai ya dawo. Kashegari ya dawo ya ce ya tuna, ya fi haka. Ya kai ƙirji. Bayan kwana biyu ya sake tunawa. Haka aka yi ta yi, Baba yana tunawa Mudi yana ja yana ajiya, har kan kifin ya wuce hular Baba, wutsiyar tana jan ƙasa.

"Baba, reshen nan fa ba zai ɗauka ba."

"Ranar ma bai ɗauka ba, karyewa ya yi. Bar shi haka." Ya karɓi tsohon hoton ya mayar cikin hula, sannan ya dubi Mudi ido cikin ido. "Abin nan daga ni sai kai sai Allah. In ya fita, maganarka da Zinariya ta bi ruwa. Ka ji ni?"

"Baba, ni kabari ne."

Bayan nan ya koma kan kalandar Taufiq, ya sake haɗa ta tsaf, da hoton Taufiq a tsakiya riƙe da tef ɗin awo. Ranar da Taufiq ya zo gani akwai wasu mata a kan benci suna jiran fotokwafi, kuma Mudi bai iya ganin mutum fiye da biyu ya yi shiru ba.

"Yanzu na gama da Koma-Jiya," ya ce. "Wancan karon ita ce ba ta saba da ni ba."

"Mudi, don girman Allah, buga min kawai."

"Minti ɗaya."

Ya ɗauko ƙahon rago daga wani hoton layya ya dasa wa Taufiq a ka, ɗaya dama ɗaya hagu. Matan suka rufe baki da mayafi. Yatsan nan nasa, ba tare da neman izini ba, ya danna ajiya. Sannan ya juyo da murmushi ya danna mayarwa. Manhaja ta yi aikinta da gaskiya, ta mayar da hoton yadda aka ajiye shi, wato da ƙaho. Ya danna, ƙaho. Ya danna da ƙarfi, ƙaho.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Wallahi kuma ya karɓe shi."

Taufiq ya miƙe. Ya fita a hankali ya shiga shagonsa, sai aka ji ƙarar buɗe aljihun da yake ajiye babban almakashi. Mudi ya tuna yana da uzurin gaggawa a Nguru, ya bi ta ƙofar baya ya tari mota.

Suhaib ya saurari labarin yana share hawayen dariya. "Ai ka ajiye ƙahon ne, ita kuma ta riƙe maka amana. Duba nan. Duk ajiyar da ka taɓa yi tana nan a jere kamar matakala. In ka danna wannan, za ka sauka taki ɗaya baya, zuwa ajiyar da ta gabata. Ka sake dannawa, ka sake sauka. In kuma kana so ka hau ka dawo gaba..."

"Gaba kuma? Wa yake neman gaba? Gaba ai nan muke zaune. Bayan ne mai wuya, kuma ga shi na kama shi."

"Zauna in nuna maka, ba zai ɗau lokaci ba."

"Mota za ta cika," in ji Mudi, ya riga ya kai bakin ƙofa.

Ya dawo Gashuwa, ya sauka taki ɗaya, ƙaho ya ɓace. Taufiq ya karɓi kalandarsa bai yi godiya ba, domin a layin an riga an fara yi masa sallama da kukan rago. Mudi kuwa kansa ya kumbura har hula ta yi masa kaɗan. Ya sanar cewa ranar da za a nuna wa masunta kalandarsu, a waje za a yi, gaban jama'a.

Zinariya ta biyo ta shagon bayan an tashi makaranta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Na ji za ka fito da kwamfuta titi."

"Gari ya kamata ya san wa yake da shi."

"Gari ya sani, shi ya sa nake tsoro. Ni ban tambaye ka abin da Baba yake zuwa yi nan kullum ba, kai ma kada ka sa a tambaye ka. Rabon da in ga Baba yana murna haka na manta. Ka nuna kalanda, ka yi shiru, ka dawo da kayanka ciki. Abin da na roƙe ka ke nan."

"Shiru ai shi ne halina," in ji Mudi.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka fito da tebur ƙarƙashin rumfa, aka ta da janareta, aka shimfiɗa tabarmi. Masunta suka cika wurin, da 'yan banda, da mata masu tuyar kifi, da waɗanda ba su san me ake yi ba amma sun ga taro. Baba Zarami ya zo da farar babbar riga ya zauna a gaba. Jumare ya zauna kusa da shi yana cewa ya zo da tabarau don kada kifin ya ɓace masa.

Mudi ya buɗe kalandar. Nan take aka ɗauki salati. Ga Baba Zarami a sama a tsakiya, ga dodon kifi ya fi shi tsawo. Tsofaffi suka matso suna taɓa allon. Jumare ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallo.

"Zarami," ya ce, "ashe Babarbare yakan yi kuskure ya faɗi gaskiya."

Aka kwashe da dariya, aka shiga miƙa wa Baba hannu. Idon tsohon ya ciko, yana ta cewa alhamdu lillahi. Ni da nake ba da labarin nan, har yau in na tuna fuskarsa a lokacin sai in ji haushin abin da ya biyo baya. Da a nan aka shafa fatiha, da kowa ya tafi gida da mutuncinsa.

Amma an yi ta yabon kifi, an yi ta yabon Baba, ba wanda ya ce da Mudi ko sannu. Ya jure, ya jure, ya kasa. Ya yi gyaran murya ya hau kan benci.

"Jama'a, kun ga kifi, amma ba ku ga ilimi ba. A cikin akwatin nan akwai abin da ko a Kano sai an yi da gaske. Sunansa Koma-Jiya. Duk abin da ya ɓaci, ina dawo da shi yadda yake. Ku buɗe ido."

Taufiq, wanda ya jingina da ƙofar shagonsa, ya ce, "Wanda yake da hoto a ciki ya fara addu'a."

Mudi ya kama maus ya share kifin gaba ɗaya. Sai ga Baba Zarami tsaye a gindin bishiya yana nuna iska. Yatsa ya danna ajiya. Jama'a suka ruɗe, Baba ya yunƙura zai tashi, rigar ta harɗe shi. Mudi ya ɗaga hannu ya ce a natsu, ya sauka taki ɗaya baya. Kifi ya dawo, ƙato, wutsiya a ƙasa.

Wannan karon kam an yaba. Mata suka rangaɗa guɗa, wani ya ɗaga hannun Mudi sama kamar ɗan dambe. Baba ya koma ya zauna yana sauke numfashi.

Jumare ya ce, "Ni ina gyara tabarau, ban gani ba. Sake."

"Sau nawa kake so?" in ji Mudi.

Daɗin guɗa ya sa ya manta cewa sai an share kafin a dawo. Fuskarsa na wajen jama'a, ya miƙa hannu ta baya ya danna, don a ga ko kallo ba ya bukata. Manhaja ta sauka wani takin.

Guɗar ta tsaya a rabi. Taufiq ya baro ƙofarsa, ya matso, ya ƙanƙance ido.

"An rage masa tsawo."

"Hasken rana ne," in ji Mudi.

"Ni tela ne, awo ne abincina. Ɗazu kansa ya wuce hula, yanzu yana daidai kunne. An cire kusan taƙi guda."

Mudi ya juyo ya gani. Ya ce ƙaramin abu ne, yanzu zai gyara, ya danna abin da ya iya. Kifi ya sauko kafaɗa. Ya sake dannawa. Ƙirji.

"Ikon Allah," in ji wata mai tuya. "Kifin azumi yake yi?"

"Zazzaɓi ne," in ji wani. "A kira malamin asibiti."

Gumi ya karyo wa Mudi. Ya shiga neman hanyar hawa gaba, sai a lokacin ya tuna bai tsaya ya koya ba, wai mota za ta cika. Ya zaro waya ya kira Suhaib, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ɗaga wayar sama, ya zagaya rumfa, ya dawo.

Baba Zarami ya ce a hankali, "Mudi, bar shi haka."

"Baba, saura kaɗan, na gano inda matsalar take."

"Na ce ka bar shi."

"Dannawa ɗaya ce, Baba."

Ya danna. Ƙugu. Jumare ya riga ya zame daga tabarma, yana riƙe da ciki. Mudi ya rufe ido ya shiga danne-danne kamar mai kashe cinnaka, ko Allah zai sa ya dace. Da ya buɗe, matakala ta ƙare. Ga hoton yadda ya fito daga hular Baba ranar farko: saurayi a gindin bishiya, da ɗan kifinsa na miya yana lilo a reshe.

"Zarami," in ji Jumare da ƙyar, "wannan ne mutum uku suka ɗauka? Biyun hula suka riƙe maka?"

Mudi ya yi tsalle ya fizge wayar wuta daga janareta don allon ya mutu. Sai dai akwai akwatin batir a ƙarƙashin tebur, mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Akwatin ya kama aikinsa, yana ƙara ƙit, ƙit, ƙit, ɗan kifin nan yana haske a allo, kowa yana ƙare masa kallo. Mudi ya cire hularsa ya rufe allon, hular ta zame. Daga ƙarshe ya rungume kwamfutar da jikinsa.

Baba Zarami ya miƙe, ya kakkaɓe riga. Dariya ta fara ja da baya, domin fuskarsa ba ta wasa ba ce.

"Hoton ni na sa a ƙara," ya ce. "Wannan na ɗauka, kuma na ji kunya. Amma kifin na kama shi. Waɗanda suka gani suna ƙasa."

Wuri ya yi nauyi. Jumare ya tashi zaune, ya share ido da bakin rawani.

"Ba duka suke ƙasa ba," ya ce. "Ni na saye shi. Ni na kai shi Nguru, sai da aka cire kujerar bayan mota. Ya ma fi wanda yaron nan ya zana."

Baba ya juyo. "Shekara da shekaru kana ƙaryata ni."

"To in na yarda, da me zan riƙa tsokanarka? Kana so in mutu da kaɗaici?"

Har yau ba wanda ya san ko gaskiya Jumare ya faɗa ko kuwa rufa wa abokinsa asiri ya yi. Masunta dai suka ce shaidar Bafulatani a kan Babarbare ba abin yarwa ba ce, a bar Baba a sama a tsakiya, da ƙaramin kifin, tunda kowa ya san labarin babban. Baba ya kama hannun Jumare suka tafi. Ko inda Mudi yake bai kalla ba.

Da hantsi kashegari sai ga Gogo, ƙanwar Baba Zarami, da mai baro a bayanta. Aka sauke akwati a ƙofar shagon. Turamen zani, takalma, turare, komai yana nan yadda dangin Mudi suka kai. Goron da aka riga aka raba ma an sayo sabo an cike gurbinsa.

"Yayana ya ce a gaishe ka," in ji Gogo. "Ya ce shi ba shi da kwamfuta, amma shi ma ya ɗan iya mayar da abu yadda yake."

Mudi ya tsuguna. "Gogo, a taimaka a sa baki. Wallahi kuskure ne."

"Bai ce ya hana ka ba. Ya ce komai ya koma farko. In kana so, ƙofar gidan tana inda take."

Taufiq ya leƙo ta taga. "Ka ga aiki ko? Ko ɗigo bai bari ba."

Mudi ya yi kwanaki bai buɗe shago sosai ba, abinci ma sai an matsa masa. Yana son yarinyar nan da gaske, wannan kam ba cika baki ba ne. Ran nan da yamma ya yi wanka, ya sa kaftaninsa mafi sauƙi, ya tafi unguwar masunta. Ya yi sallama a ƙofar gidan da ya saba shiga har tsakar gida. Aka bar shi tsaye har ƙafarsa ta yi tsami, sannan Baba Zarami ya fito da carbi a hannu. Mudi ya zube ƙasa ya kwashi gaisuwa.

Baba ya dube shi sama da ƙasa, kallon baƙon da ya ɓata hanya.

"Samari, ɗan gidan wa ne?"

Mudi ya ɗago kai. "Mudi ne, Baba. Ɗan gidan Malam Sabitu mai gishiri."

"Na san Malam Sabitu, mutumin kirki, ba shi da surutu. Me ke tafe da kai?"

"Na ga 'yar gidan nan ne, Baba. Ina so a ba ni izinin zuwa gaisuwa."

"To. Sana'a fa?"

Mudi ya buɗe baki, ya rufe. Daga bayan katangar zaure ya ji motsin mutum, da ƙarar awarwaro, ya san wa ke saurare. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmin Baba.

"Ina ɗan taɓa fotokwafi."

Baba Zarami ya ja carbi ɗaya, ya ja biyu.

"Je ka," ya ce. "Za mu bincika."